Almakashi Mai Batir

Duk wanda ya yi aikin inabi a garin Robinvale na ƙasar Ostareliya ya san Penisimani. Ni ne. Na baro ƙasar Tonga da tsibirinmu Vava'u ban iya rubuta sunana ba, har yau sai na daɗe ina zana shi, amma ka tsayar da ni gaban gindin inabi a tsakiyar hunturu ka koma gefe ka sha kallo. Dillalan ma'aikata kuwa na ga iri-iri. Wasu sun gudu, wasu suna kurkuku, wasu na je jana'izarsu na ci abinci na ƙoshi. Akwai wanda na taɓa ɗagawa da kwalar riga har takalminsa ɗaya ya faɗi, a tambayi tsofaffin garin.

A takarda kowannenmu ɗan kwangila ne mai zaman kansa, haka dillalai suka tsara. Almakashi naka, ciwo naka, ranar da ruwan sama ya hana aiki ita ma taka ce. Amma ɗakin da kake kwana na dillali ne, bas ɗin da ke kai ka gona nasa ne, kuma shi ke yanke abin da za a biya a kan kowane gindi. Bana da lokacin datse rassa ya zo sai Lisiate ya rage farashin, wai kasuwa ta faɗi. Lisiate shi ne dillalinmu. Da wani ne da ya ji daga gare ni, to amma ɗan ƙanwata Kalolaine ne, mu kuwa mutanen Tonga 'yar'uwa a wajen daraja tana sama da ɗan'uwanta, 'ya'yanta ma haka. Ba na ɗaga masa murya.

Telusila, wata bazawara da muke datsa layi da layi, ba ta bar ni na huta ba. Kullum sai ta leƙo ta tsakanin wayoyin da inabi ke hawa ta ce ina zakin da ke ɗaga dillalai, ko haƙoran sun zube ne. Nakan ce mata ta ji da layinta, ta bar rassa tsaye kamar gashin mahaukaciya.

Ba ta san na riga na sami ƙofa ba. Akwai wani tsohon manomi, Carmelo, a Euston, hayin kogi. Ya ce in zo in yi masa aiki kai tsaye ba dillali, ga ɗaki a bayan rumbunsa kyauta. Sharaɗinsa ɗaya ne: inabinsa tsofaffi ne, rassan sun yi kauri, sai mai almakashin batir. Na daɗe ina ƙulla abin da na samu, na je garin Mildura na sayo, na tura akwatin ƙarƙashin gado. Ba don hannuna ya gaza ba. Da safe ne kawai yatsun dama kan ƙi naɗewa sai na jiƙa su a ruwan zafi, wannan kuwa ko saurayi sanyin Robinvale zai yi masa haka. Uili, abokin ɗakina, shi kaɗai ya sani, kuma shi zai kai ni a motarsa.

Muka sa ranar Lahadi. Na ce ba zan fita kamar ɓarawo ba, sai na yi sallama yadda ya kamata. Bayan coci muka zuba kayana a motar Uili muka biya gidan Lisiate, inda ake taruwa cin lu, naman tunkiya da madarar kwakwa a ganyen gwaza. Uili ya ce in ci, in faɗi maganata a taƙaice, mu kama hanya.

Maza suna zaune a gareji, an jingina waya da kwalbar lemo ana kiran bidiyo, Kalolaine tana ciki daga Vava'u da farar hularta ta coci, tana gaisawa da kowa. Ina jiran a gama ci in buɗe baki, sai Telusila ta shigo da faranti ta dire a gabana.

"A yanka wa Baba Peni naman ƙanana," in ji ta. "Jiya na ga reshe ɗaya ya kama shi da kokawa, sai da na ƙirga masa faɗuwa."

Aka kwashe da dariya, har ƙanwata a waya. Wani ya ce a nema mini aikin gadin kaji. Lisiate ya ce a bar kawunsa, ai ya yi zamaninsa.

Ya yi zamaninsa. Ni, Penisimani. Uili ya riƙe mini gefen zanen da mazanmu ke ɗaurawa zuwa coci, na fizge. Na je mota na ɗauko akwatin, na goya batir, na nufi itacen lemun tsamin da ke bakin gareji. Reshe mai kaurin babban yatsan ƙafa, na taɓa kunama kawai, ƙat, ya faɗi. Na ƙara wani. Na ce wanda ya isa ya zo gobe mu jera layi. Telusila ta rufe baki da hannu, kuma wallahi daɗin da na ji a lokacin ba ya sayuwa.

Lisiate ya goge hannu ya miƙo. Na ba shi. Ya juya almakashin, ya duba sunan kamfanin, ya dubi motar Uili da katifata ke leƙowa ta gilas. Yaron ba wawa ba ne, jininmu ne.

"Kai, Kawu," ya ce a hankali, "wannan abu ya yi kyau."

 Kowa a wurin ya san ɗan 'yar'uwa in ya yaba abin kawunsa, abin ya tashi daga hannun kawu. Ko doki ne, ko tabarmar gado. Haka na yi wa nawa kawun ina yaro, na raba shi da kwalekwalensa. Yaran da aka haifa a nan da yawa sun watsar da wannan, Lisiate ma ban taɓa ganin ya tuna da ita ba sai ranar. Uili yana taka mini ƙafa. Ga uwarsa tana kallo.

"Naka ne," na ce.

Bai ko yi tayin mayarwa ba. Kalolaine ta share ido ta ce yayanta bai canza ba, ƙasar Turawa ba ta cinye shi ba. Na kwance batir na haɗa masa da caja da man shafawa, don ba a ba da abu rabi. A faɗa ko'ina, ba a taɓa jin Penisimani ya kunyata ƙanwarsa ba.

Duk da haka na sa Uili ya ƙetare kogin da ni. Carmelo ya saurare ni har ƙarshe, ya ce in koma in karɓo abina, nan Ostareliya ce. Na ce masa ko a duniyar wata muke, ɗan Kalolaine ɗan Kalolaine ne. Na zaro almakashin hannu na ce ya gwada ni. Ya kama hannuna na dama ya juya shi kamar mai duba kifi a kasuwa, ya ce ba ya son mutum ya nakasa a gonarsa. Ya ba ni kwalin lemo, ya rako mu mota. Da muka iso Uili ya taya ni mayar da katifa kan gadon da na baro a ɗakin nan na Lisiate.

Da safe bas ya zo, raɓa ta daskare a gilas. Lisiate da kansa ya tuƙo, akwatin yana kujerar gaba.

"Kawu, na cika maka batir," ya ce. "Ka riƙa aiki da shi, ai ba na son hannunka ya wahala. In an tashi a mayar, a bas yake kwana."

Telusila ta matsa ta ba ni wuri kusa da hita mai ɗumama bas, abin da ya fi tsokanarta ciwo. Farashin gindi yana nan inda ya ajiye shi. Ranar na riga kowa fita daga layi, na bar samari a baya suna hura hannu, kuma har inabi ya tsiro ba wanda ya kamo ni. Da yamma nakan goge bakin almakashin, in shafa masa mai, in rufe akwatin in miƙa wa direba.