Ƙirga Uku

Nomau mahauci ne a kasuwar Treichville, tsohon sojan Faransi, ya baro yatsu biyu a yaƙin Jamus na farko. Da la'asar in nama ya ƙare, sai ya kankare teburinsa ya jera yaƙi. Ƙananan ƙasusuwa goma sha biyu su ne sojoji, wuƙar fawa can gefe ita ce mitarayes, bindigar nan mai aman harsashi. Dillalan shanu har daga Adjamé suke zuwa. Ko bindigar toka ba su taɓa harbawa ba, amma in suna gardamar harsashi nawa take zubarwa a minti, sai ka rantse su suka ƙera ta.

Wasan yana da doka: wuƙa ta ci ƙashi uku, sai ta dakata, sauran su matsa gaba.

"Zafi take yi," in ji Nomau. "Ka kwanta ka ƙirga ɓarin wuta uku, za ta huta. Ka tashi a guje, ka cim mata."

Ƙarya ce, shi ya ƙago ta. In ba haka ba, kafin a gama tauna goro guda wasan ya mutu, kowa ya watse ya bar shi da abin da ke kansa. Shekara ashirin yana faɗa, har ya kusa yarda da kansa.

A gindin teburin nan ɗansa Inusa ya girma. Da yaƙi na biyu ya tashi ana ɗibar soja, sai ga shi rannan da takardar shiga soja, babban yatsansa baƙi ƙirin da tawada. Ba wanda ya kama shi, da ƙafarsa ya je.

"Baba, kada ka damu, ai na riga kowa sanin sirrin. Uku ne."

Nomau ya juya ga teburinsa. Ya jera ƙasusuwan, ya ɗauki wuƙar ya share su kaf a tashi ɗaya, suka zube ƙasa.

"Haka take. Ba ta hutawa, ruwa ake zuba mata. Mu arba'in muka tashi. Ni ban yi gudu ba, ƙarƙashin gawar kaporal, kofur ɗinmu, na wuni."

Dillalai suka bushe da dariya, wai tsoho yana rowar ɗansa ga Nasara. Inusa ma ya yi murmushi, ya durƙusa ya tsince ƙasusuwan ya mayar bisa tebur.

"Haba Baba. Shekara ashirin kana cewa uku, yau don zan tafi ta zama babu?"

Nomau ya rantse, ya yi kuka gaban mutane, a banza. Ƙarya ta riga ta yi jijiya, gaskiyar yini guda ba ta iya tumɓuke ta.

Bayan shekara shida wani soja mai ƙafa ɗaya, Harouna, ya zo yana cigiyar mahaifin Inusa. Ya ce ran da Inusa ya rasu, tare suka kwanta a wata gonar alkama, mitarayes na yi musu ruwan wuta.

Nomau ya tambaya, "Ya sha wahala?"

"A'a, Baba. Jarumi ne ɗanka, mu duk mun lafe. Abu ɗaya ne na kasa ganewa har yau. Na ji shi yana ƙirga da Hausa, ɗaya, biyu, uku. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, yanzu za ta huta, Babana ya faɗa mini. Ya miƙe."