Hannun da Shinge Bai Sani Ba

A kamfanin ba mai kiranta da sunanta, Mai Shinge kawai ake cewa. Ita ke kula da shinge, wato manhajar da ke tace duk abin da ke shiga da fita a kwamfutocin ma'aikata. Tun da aka kawo sabuwar manhaja mai koyon halin mutane da kanta, Mai Shinge ta yi sallama da hutu. Manhajar ta san saurin yatsun kowa a kan madannai, ta san inda yake kuskure ya goge. Da baƙon hannu ya taɓa, sai ta datse ƙofa, ta turo jan saƙo.

Da yammacin nan tana zaune a ɗakinta mai gunjin na'urori, shayinta ya huce, idanunta na yaji, sai jan saƙon ya sake fitowa. Wannan karon ma a kan Baba Na-Taga ne, dattijon da ke amsa koke-koken masu hulɗa da kamfanin. Duk ranar da ya yi aiki daga gida, manhajar sai ta ce ba shi ba ne. Ta sha buɗe masa tana ɗauka kuskure ne. Yau kuwa yana ofis, amma ga wani yana rubutu da sunansa daga gidansa, ita kuma ta gaji da buɗewa.

Ta same shi a gefen tagarsa, hannayensa a ƙarƙashin tebur.

"Baba, shingena ya sake kawo ƙararka."

"'Yata, wannan shingen naki ya fi surukuwa sa ido," ya ce yana dariya.

"Ya ce a ofis rubutunka a hankali yake, da goge-goge. A gida kuwa sai ka koma saurayi, yatsu na gudu kamar ruwa. Wa ke shiga da sunanka? In ɓarawo ne, sirrin mutane da yawa na hannunsa. Dole in kai wa manaja rahoto."

Dariyar ta ɗauke. Ya fito da hannayensa ya ɗora a kan tebur. Rawa suke yi, rawa mai taurin kai, har zoben yatsansa na buga katako. Ta kawar da kai.

"Mamanki ce," ya ce. Haka yake kiran matarsa a gaban yaran ofis. "Ina faɗa, tana bugawa. A gaban kwamfutar gida ta koya, saboda ni. In manaja ya ji, ritaya zai yi mini. Ni kuwa in na zauna a gida ba abin yi, an gama da ni. Ki koya wa abin naki hannunta mana. Ki ce masa nawa ne."

Za ta iya. Aikin bai kai shan ruwa ba. Amma in ta sassauta dokar har manhaja ta yarda mutum ɗaya yana da hannu iri biyu, gobe hannu na uku ma zai wuce ta wannan kafa, kuma ba mai ji. Ta ja kujera ta zauna.

"Ba zan yi masa ƙarya ba, Baba. Amma akwai wata hanya. Zan iya rubuta sabuwar doka, Mama ta shiga da sunanta a matsayin mataimakiyarka, ta ga abin da ya shafi aikinka kaɗai. Sai dai sai manaja ya sa hannu."

"Wato in je in tona kaina."

Wayarsa ta yi ƙara. Ya yi ta fama da ita bai iya dannawa ba, sai Mai Shinge ta danna masa, muryar matarsa ta fito fili.

"Maigida, an sake rufewa? Ina tsakiyar buga amsar mutumin jiya, wadda ka faɗa mini da safe."

"Ga mai rufewar nan a gabana, tana so in kai kaina wajen manaja."

Ana jiyo ƙarar fanka daga can gidan.

"Sannu 'yar nan," matar ta ce. "Allah ya yi miki albarka. Maigida, ka je. Wallahi na gaji. Ba da bugawar ba, bugawa zan yi maka har yatsuna su ƙare. Na gaji da faɗuwar gaba duk sanda abin nan ya yi ja. Na gaji da zama kamar ɓarauniya a ɗakina."

Baba Na-Taga ya kalli wayar. Idanunsa suka kawo ruwa, bai share ba.

"Ba ki taɓa faɗa mini ba."

"Yaushe ka tambaya? Kullum kai ne mai faɗa, ni mai bugawa."

Ya yi wata gajeriyar dariya mai ɗaci. Ya dafa tebur ya miƙe, ya gyara wuyan rigarsa da ƙyar.

"To, 'yata, shige gaba. In ya tambayi yadda dokar take, ke za ki yi bayani, ni ban san kanta ba."

Suka bi dogon barandan a hankali, tana rage tafiyarta don kada ta bar shi a baya. A ƙofar manaja ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, ya tare ta.

"Bari. Wannan ni zan yi."