Kumburin da ke Ƙarƙashin Amawali

Ni na fara ganin kumburin, kafin matarsa, kafin lokotoron asibiti, kafin kowa a unguwar nan. Illiya baduku, maƙwabcina, ya ɗaga amawalinsa zai kurɓi shayi, sai na hango kuncinsa na hagu ya tashi kamar ya cusa dabino uku.

"Haƙori ne," na ce.

"Ka rufa mini asiri, Baba Bahago. Kwana huɗu ban tauna komai ba."

"Ai ka zo inda ya dace. Duba nan."

Na wangale masa bakina. Haƙora biyar suka rage mini, sauran duk ni na cire su da hannuna. Shekarata saba'in da shida, sau goma sha ɗaya na ƙetare hamadar Tenere da ayarin gishiri, ban taɓa shiga lakwal karatun boko ba, ban taɓa kwana a likita ba. Na daka masa kanumfari na ce ya danna cikin ramin haƙorin, ya riƙa kurkure baki da ruwan gishirin Bilma mai ɗumi. Ya sami sauƙi har la'asar. Da ciwon ya dawo, na haɗa masa taba da kanwa, irin wadda muke dannawa a hanya.

Illiya uwarsa Buzuwa ce, da kunyar baki ya tashi. Namiji ba ya buɗe fuska gaban surukai. A makon nan kuwa surukarsa Biba ta zo daga Cirozerin, sai ya bar musu ɗakin ita da 'yarta, ya koma kwana a rumfarsa ta ɗinkin takalma. In an kai masa abinci, bango yake juya wa. Shi ya sa ba wanda ya gani.

Matarsa Fulera ta same ni da safe.

"Baba, me ke damun maigidana? Ko furar ba ya shanyewa."

"Gajiya ce, 'yata. Je ki abinki."

Namiji ya ba ni amana, sai in kwance wa mace?

Kwana na takwas ya zo, muryarsa kamar daga cikin tulu.

"Baba, ciwon ya daina."

"Ba na faɗa maka ba? Mun kashe shi."

Duk majalisa sai da na ba su labari. Amma da na sa hannu ƙarƙashin rawaninsa, na ji kumburin ya sauka haɓa, ya kama wuya, da tauri kamar busasshiyar fata, da zafi.

"Ko in je likita?" ya ce.

"Su yi maka me? Sauka yake yi, zai fice."

"To bari Inna ta koma ranar Juma'a. Ba na son ta gan ni haka."

Ranar Alhamis bayan azahar muka ji Fulera tana salati. Na tarar da shi kwance cikin guntayen fata, yawu ya jiƙa amawalin sharkaf, numfashi yana fita kamar ana jan guga a busasshiyar rijiya. Biba ce ta durƙusa ta fizge rawanin. Shekara tara yana auren 'yarta, ran nan ta fara ganin bakinsa. Shi kuwa hannunsa yana lalube a ƙasa, ƙyallen yake nema ya rufe.

"Bar shi, ɗana," ta ce. "Bar shi."

Aka sa shi a motar wani mai kanti zuwa likita. Lokotoro ya ce mugunya ta toshe maƙogwaro, ya tambayi wa ya riƙe shi a gida har haka.  Kafin magariba Illiya ya cika.

A zaman makoki an zagaya da ruwa, kwanon ya bi kowa, da ya zo kaina Fulera ta aiko a mayar da shi cikin gida.

Na san abin da ake faɗa a bayana. Ciwo ya kawo mini, kuma ciwon ya daina, da bakinsa ya faɗa. Duk wanda ya ce da hannuna a ciki, ya zo ya faɗa a gabana. Ina nan bakin zaure kullum bayan la'asar. Akwai wuri, gefen tabarmar babu kowa.