Rasit Takwas a Cikin Roba

Baba mai walda ne, kuma ba ya yar da takarda ko ta ƙunshin ƙusa ce. Da kamfanin rance ya aiko cewa bai biya wata takwas ba, za su ɗauke injin waldarsa da ya sa jingina ranar Litinin, dariya ya yi. Duk wata yana ba wakilinsu kuɗi a hannu, wakilin ya ciro masa rasit daga 'yar na'urarsa. Yanzu wakilin ya yi layar zana, kamfani ya ce bai ga ko sisi ba.

Ni na nemo ofishin hukumar da ke sa ido kan kamfanonin kuɗi, na cike mana fom. Matar da ke karɓar ƙorafi ta ce mu kawo rasit na asali ranar Juma'a, za a taka wa kamfanin birki.

Ashe Baba ya lura rubutun rasit ɗin ya fara dushewa. Bai shawarci kowa ba, shi da ya iya gyaran komai. Ya kai su shagon fotokwafi a manne su cikin roba, kamar yadda ya yi wa takardar haihuwata. Takardar rasit ba ta jure zafi. Duka takwas suka shiga injin farare, suka fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Bai gaya mini ba sai a gaban teburin matar. Ta juya robar, ta ɗaga ta saitin taga.

"Baba, ba ku yi kwafi tukuna ba?"

"Don kar su lalace na yi, 'yata."

"Ko hoto a waya?"

Ni ta kalla. Wayata ba ta barin hannuna, amma ban taɓa ɗaukar su ba.

Ta buga hatimi, ta ba mu lamba. Ta ce ba hujja, ba ta da ikon hana a ɗauki jingina, amma za a bincika cikin kwana casa'in.

Ranar Litinin mutanen kamfanin suka zo da akori-kura. Baba da kansa ya kwance wayoyin injin, ya naɗe su a hankali, ya roƙi direban kada ruwa ya taɓa shi. Abin ya karya mini zuciya.

Har yau ƙarfe bakwai yake buɗe shago, ya share, ya zauna. Masu kawo gyaran ƙofa sukan gaishe shi da ladabi, su wuce shagon gaba.