Jirgin Malam Harouna da Kujerar Roba

Shekara talatin da biyu Malam Harouna ya yi a Yamai bai taɓa sa ƙafa a kwale-kwale ba. Mutumin Damagaram ne, ruwan da ya yarda da shi na buta ne kawai. Ko gada zai haye a mota, sai ya kafe ido a ƙeyar direba har a kai ƙetare. Shi ne fa yau aka kawo wa jirgi har cikin ɗaki.

Gwiwa ce ta jawo haka. Tun da ya aje aikin gwamnati ya zauna a gidansa na unguwar Bobiel, tumbi ya yi gaba, gwiwoyi suka yi tsami, har ta kai sai a kan kujerar roba yake salla a ƙarshen sahu. Kujerar nan tana ci masa rai. Wata goma sha huɗu goshinsa bai taɓa ƙasa ba, kuma ba abin da yake so kamar ya yi sujada irin ta kowa kafin azumi ya kama.

Ƴarsa Salima, ma'aikaciyar jinya, ita ta kawo jirgin, wato injin motsa jiki. Dogon ƙarfe ne a kwance, da ƴar kujera mai zamewa gaba da baya, da wurin ɗaure ƙafa, da sanda a bakin igiya. A gabansa akwai tulun roba cike da ruwa, in an ja sandar sai ya yi ta ƙugi kamar kogi.

"Ruwan nan ba ya fitowa dai ko?" in ji Malam Harouna.

"Ba ya fitowa, Baba. Likita ya ce wannan ba ya dukan gwiwa kamar gudu, tunda a zaune kake. Ƙafa ce ke turawa, baya ya bi, hannu shi ne na ƙarshe. Minti goma kullum, hawan jininka ma zai sauka."

Ya gyaɗa kai, amma a ransa cewa yake, yarinyar da ko iyo ba ta iya ba, me ta sani a kan jirgi? Ga maƙwabcinsa Sumana, Bazabarme, wanda ya shekara ashirin yana tuƙo kwale-kwalen kabewa a kogi kafin ya buɗe shago. Gari na wayewa ya aika a kira shi.

Sumana ya zagaya injin sau biyu yana taɓe baki.

"Malam, wanda ya ƙera wannan bai taɓa ganin kogi ba. Wa ke tuƙi yana komawa baya? Kuma kujera mai yawo a cikin jirgi, ai kifewa ce."

Nan take ya kwance igiyar shanya ya ɗaure kujerar tam. Ya nuna masa yadda ake kama sanda kamar filafili, a karkata jiki, a ja ta gefen dama. Malam Harouna ya ji daɗi ƙwarai, ya ce lalle sana'a sai mai ita.

Mako uku yana tuƙi ta gefen dama. Gwiwoyi suna nan a sandare ba wanda ya taɓa su, kafaɗa kuwa ta kumbura, har ɗaga hannu ya yi kabbara ya zama aiki. Ranar da Salima ta zo ta tarar da su biyun, ta dubi igiyar, ta dubi mahaifinta.

"Baba, wa ya ɗaure wannan?"

Ya nuna Sumana da haɓa.

"Kawu Sumana, zamewar ita ce maganin. Ai gwiwar muke so ta lanƙwasa ta miƙe."

"Ke ƴar nan, ni za ki koya wa jirgi?" Sumana ya haye, ya karkace, ya fizgi sandar da ƙarfin shekara ashirin. Ƙugunsa ya ce ƙas. Sai da suka kama shi su biyu kafin ya miƙe.

Daga ranar Malam Harouna ya bi maganar ƴarsa, ko da yake bai taɓa cewa ta yi gaskiya ba. Ƙafa, baya, hannu. Da farko minti uku ma sai da haki, daga baya ya kai goma, ya kai ashirin. Wandonsa ya fara neman a ƙara ɗaure mazagi, matakalar ƙofar gida ta daina ba shi tsoro.

Saura kwana biyu azumi, ya ɗauki kujerarsa ya nufi masallaci sallar azahar. A bakin ƙofa ya ci karo da Sumana yana tafe dafe da ƙugu. Suka dubi juna, suka dubi kujerar.

"Ungo, sarkin ruwa," in ji Malam Harouna. "Wannan ba ta yawo."

Malam Harouna ya shiga sahu. Da liman ya yi kabbarar sujada, ya sauka a hankali, gwiwoyin suka yi ɗan ƙorafi amma suka kai shi. Goshinsa ya taɓa tabarma. Hawaye suka zubo masa, bai kuwa ji kunya ba.

Da ya fito, akwai ƴan ƙwayoyin yashi manne a goshinsa. Sumana ya yi masa nuni ya share, ya ƙi. Haka ya tafi da su har gida, don Salima tana can tana jiransa.