Sunan Laure a Takardar Halliru

Shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira, wani ma'aikacin kamfanin inshora ya sauka tashar Gumel, ya dinga bin direbobi da zaƙin baki. Halliru, direban babbar motar da ke kwasar shanu daga Maigatari zuwa kudu, shi ya fara faɗawa hannunsa, don shi mutum ne da ba ya son a riga shi komai, ko da faɗawa rijiya ce. Ya sa hannu, aka rubuta sunan matarsa Laure a matsayin wadda za a ba kuɗi in ya mutu. Kafin ya kai gida rabin gari ya ji.

Bayan shekara biyu ya sake ta a kan maganar da ba ta taka kara ta karya ba. Laure ta koma gidan iyayenta, ta gama idda, ta kama sana'ar man gyaɗa. Aure dai ya mutu, amma sunanta yana nan a takarda, Halliru kuwa bai bar kowa ya manta ba. Ko ina ya zauna sai ya ce shi ɗan halak ne, ya saki mace amma bai cire ta daga arzikinsa ba.

Mutanen gari ba ruwansu da yadda inshora take. Abu ɗaya suka fahimta: akwai bazawarar da za ta yi arziki ranar da tsohon mijinta ya mutu. In Halliru ya yi zazzaɓi, sai mata su zo sayen mai suna yi wa Laure sannu da jira. Abin yana ci mata rai, tana haɗiyewa.

Ana haka Mati, wani tela ɗan Ɗanzomo, ya fito neman aurenta. Mutum ne mai sanyin hali, Laure kuwa tana sonsa ƙwarai. Har an kai gaisuwa, sai uwarsa ta kafe: ɗanta ba zai auri mai jiran gawar wani namiji ba, sai an goge sunan. Goge suna kuwa sai mai takarda.

Laure ta ajiye kunya, ta yafa gyale, ta sami Halliru a tasha da rana tsaka, yana kan benci cikin abokansa. Ta durƙusa.

"Malam, alfarma na zo nema. Ka cire sunana daga takardar nan."

"Ikon Allah. Yau alheri ne ya zama laifi?"

"Ba na so. Ka sa matarka ta yanzu, ka sa 'ya'yanka. Aurena ne zai lalace."

Ya dubi abokansa yana murmushi. "Kun ji ko? Laure, abin da na bayar ba na karɓewa. Ki gaishe da telan."

Ta tashi gwiwoyinta duk baƙin man mota. Wata bai cika ba dangin Mati suka aiko da ban haƙuri. Ta yi kuka har ta gaji, sannan ta koma kan turminta.

Damina biyu bayan nan motar Halliru ta kife kusa da Gagarawa Tasha, ko shurawa bai yi ba. Ana gama sadakar bakwai wansa Dogo ya yi sallama a ƙofar gidansu Laure, ya ce sakakkiyar mace ba ta da gado, kuɗin na marayu ne.

"Yaya Dogo, ko kwabo ba na so," in ji ta. "Mu je Kano tare, a miƙa maka a gabana."

Suka je. Akawun kamfanin ya daɗe yana tonon fayil, sannan ya ɗago kai ya ce takardar ta mutu tun shekarar da aka yi ta. Wata huɗu kawai marigayin ya biya. An aika masa wasiƙa har sau uku, ta ƙarshen ma da hannunsa ya sa shaidar ya karɓa.

Laure ta dafa bango. Ashe ranar da ta durƙusa a tasha babu wani suna da za a goge, kuma Halliru ya sani. Kalma ɗaya zai faɗa ta auri Mati, ya gwammace ya yi murmushi. Ta nemi ta ce Allah ya jiƙansa, bakinta ya ƙi.

Suka shiga motar komawa. Nan Dogo ya juyo ya tambaye ta nawa ta ba akawun. Kafin su iso Gumel, babu fasinjan da bai ji cewa Laure ta cinye kuɗin marayu ba.