Layin da ke Mutuwa da Ƙarfe Huɗu

Ɗalibata ce ta karye a ƙafa, saura wata guda a fara jarrabawar fita. Yarinya ce mai ƙoƙari, lissafi ne kawai ya tsaya mata a wuya, kuma in ta faɗi shi sai ta maimaita shekara. Shi ya sa muka shirya da mahaifinta kullum ƙarfe huɗu in koyar da ita ta kwamfuta, tana kwance a gidansu, ni ina ɗakin karatuna.

Tun ranar farko layin intanet ɗin gidana ya ƙi. Da safe lafiya lau, matata ta yi hira da ƙanwarta har su gaji. Huɗu na yi kuwa, sai hotona ya daskare, bakina a buɗe.

"Malam, ka tsaya a 'saboda haka'," in ji yarinyar idan ta kira ni ta waya. "Saboda haka me?"

Na kira kamfanin. Wata mai sanyin murya ta ɗauka.

"Baba, ka kashe na'urar ka kunna?"

"Na kashe, 'yata, na kunna. Yau sau bakwai ke nan."

"Mu a nan muna ganin layinka ƙalau."

"To madalla. Ni a nan ba na ganin kowa."

Ban ɗaga murya ba, don shekara ashirin da shida ina aji ban saba ba. Na zauna na rubuta musu wasiƙa shafi uku, da gabatarwa da kammalawa, na ja layi ƙarƙashin muhimman wurare. Har na ba su shawara su ƙara wa ma'aikatansu horo.

Suka turo mai gyara, wani dogo mai jakar kayan aiki a kafaɗa. Sau biyu yana zuwa da hantsi, sau biyu layin yana gudu kamar bai taɓa ciwo ba. Ya duba waya tun daga sandar titi har cikin ɗaki, ya auna, ya nuna mini a fuskar wayarsa. Ni kuma na yi masa irin kallon da nake yi wa yaron da ya ce ya bar aikinsa a gida.

"Baba, gobe da huɗun zan zo," in ji shi. "In ga abin da idona."

Ya iso huɗu saura kwata. Matata ta kawo masa ruwa, ta tsaya a bakin ƙofa don kada a ba ta labari.

"Zauna, ɗana," na ce. "Bari in kimtsa ɗakin, yarinya za ta gan shi."

Na jera littattafai, manya a ƙasa. Na goge allo. Na gyara labule. Sannan na ɗauki na'urar intanet ɗin daga kan tebur, da wayoyinta da suka cukurkuɗe kamar saƙar gizo, na saka ta cikin kabad ɗin ƙarfen da nake ajiye takardun jarrabawa, na tura ƙofar a hankali don kada ta datse wayar. Ɗaki ya yi fes.

Mai gyara ya ajiye kofin ruwan.

"Baba, kullum haka kake yi?"

"Kullum. Ai ba a koyarwa cikin tarkace."

"In an gama darasin fa?"

"Sai in fito da ita ta sha iska."

Ya dubi rufin ɗaki, ya dubi takalminsa. Yaro mai tarbiyya, ya yi iya ƙoƙarinsa. Matata ce ta fara fashewa da dariya, har ta dafa bango.

"Ranka ya daɗe," ya ce yana share ido, "abin nan ta iska yake aika saƙo, ƙarfe kuwa tare shi yake. Ka kulle shi a kurkuku kana so ya yi magana."

"Haba Malam," in ji matata, "wasiƙa shafi uku!"

Na buɗe kabad na fito da na'urar, wayoyin suka zube a kan tebur. Na kunna kwamfuta.

"Malam, yau kana motsi!" in ji ɗalibata.

Saura kwana tara. Muka riƙa yin awa biyu kullum, ranar hutu awa uku. Ta shiga jarrabawa da sanduna a hammata, ta ci lissafi da ƙyar, da maki biyu kacal a sama da faɗuwa.

Mahaifinta ya zo godiya har gida. Ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Malam, ba don haƙurinka ba, da kamfanin nan ya cuce mu. Mako uku fa suka cinye wa yarinyar nan! Allah ya isa."

Na ji matata ta daina motsi da kofuna a bayana.

"Janye Allah ya isan nan, Alhaji," na ce. "Kaina za ta faɗo. Zauna in ba ka labari."